Yadda Za A Sake Fasalin Shugabanci Da Kwamitoci A Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya

Duk ƙungiyar ma'aikatan jinya da ta yi shekaru tana aiki, akwai lokacin da tsarin da aka gina ta a kansa yake kasa ɗaukar nauyinta. Alamun hakan ba sa ɓuya ga wanda yake ciki. Kwamitoci sukan yi yawa a takarda amma babu mai iya tuna ranar da suka yi zamansu na ƙarshe, wuƙa da nama duk suna hannun shugaba da sakatare, kuma nas ɗin da aka zalunta a wurin aiki ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, sai dai ta nemi lambar shugaba ta kira shi da tsakar dare. Idan al'amari ya kai haka, abin da aka fi gaggawar yi shi ne ƙirƙiro sababbin muƙamai, ko a ɗora sabon kwamiti a kan waɗanda suke kwance. A ganina wannan ba gyara ba ne. Gyaran da zai ɗore yana farawa ne daga tantance ayyukan da mambobi suke bin ƙungiya bashinsu, da wanda yake da ikon yanke hukunci a kan kowane ɗaya, sannan maganar kujeru ta zo daga baya.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne reshe ya san iyakar ikonsa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, wato NANNM, wadda aka kafa a 1977, fuska biyu gare ta. Ƙungiyar ƙwararru ce mai kare martabar sana'a, kuma ƙungiyar ƙwadago ce mai rajista, tana cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, NLC, a gida, tana kuma cikin majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, mai hedikwata a ƙasar Suwizalan. Saboda wannan rajista, dokokinta suna ajiye a ofishin magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago na tarayya, kuma duk sauyin da aka yi musu sai an kai can an yi masa rajista. Ma'anar haka ita ce reshen jiha ko reshen wani asibiti ba shi da hurumin sauya kundin tsarin mulki da kansa. Abin da yake hannunsa shi ne ƙa'idojin zamansa na cikin gida, da kwamitocin da shi ya kafa, da yadda yake raba aiki tsakanin zaɓaɓɓun shugabanninsa. Duk abin da ya wuce wannan, sai a rubuta shi a matsayin ƙuduri a tura ta hanyar da kundin ya tanada zuwa babban taron wakilai na ƙasa. Haka nan kada a rikita ƙungiya da hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa. Rajistar ma'aikaci da lasisinsa da hukunta shi kan saɓa ƙa'idar aiki duk na wannan hukuma ne, kuma kwamitin ƙungiya da ya ɗora wa kansa wannan iko zai jawo wa reshe shari'ar da ba zai ci ba.

Masu jagorantar gyaran su kasance 'yan kaɗan, mutum biyar ko bakwai sun wadatar, kuma babban taron mambobi ne zai ba su aikin, ba shugaba shi kaɗai ba. A yanka musu wa'adi, a rubuta cewa ranar da suka miƙa rahoto aikinsu ya ƙare. Sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne duk wanda ya karɓi wannan aiki ya amince ba zai tsaya takara a zaɓe mai zuwa ba, domin idan mambobi suka yi zargin cewa mai zana tsarin yana share wa kansa hanya ne, ba za su karanta rahoton ba balle su amince da shi. Yana da kyau a sa wata dattijuwar metiron, wato babbar jami'ar jinya, da ta yi ritaya, wadda ta san tarihin reshe kuma ba ta neman komai, a haɗa ta da wani matashin ma'aikaci da har yanzu yake aikin dare.

Aikinsu na farko shi ne tattara takardu, kuma a nan ne gaskiya take fitowa. A shimfiɗa littattafan rahoton zama na shekaru uku ko huɗu a kan tebur, da bayanan asusu daga banki, da wasiƙun da aka aika da waɗanda aka karɓa, da jerin duk kwamitin da aka taɓa kafawa. Sai a ɗauki kowane kwamiti a tambaya: yaushe ya yi zama na ƙarshe, wane rahoto ya kawo, kuma me ya sauya a rayuwar mambobi saboda shi? Za a tarar da kwamitin da aka kafa don shirya wani biki guda kuma ba a rushe shi ba, da kwamitoci biyu masu suna daban amma aikinsu ɗaya, da wani wanda shugabansa ya bar jihar ko ya tafi aiki ƙasar waje tun tuni. Ba a yin wannan bincike don a kunyata kowa. Galibin mutanen da aka sa cikin irin waɗannan kwamitoci ba a taɓa gaya musu abin da ake so su yi ba, ba a ba su ko kuɗin mota ba.

Bayan takardu, sai a bi sawun koke ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshe, domin wannan ya fi kowane jadawali nuna inda tsarin ya toshe. A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya a sashen gaggawa, da ƙarfe biyu na dare, ita kaɗai da marasa lafiya masu yawa, sai ɗan'uwan wani majinyaci ya fusata ya mare ta. Da gari ya waye ta miƙa aiki ga masu aikin safe, ta rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, ta gaya wa sistar da ke kula da sashen. Daga nan fa? Wane ne wakilin ƙungiya a wannan asibiti, kuma ta san shi? Cikin awa nawa ya kamata ya sanar da reshe? Wa zai raka ta wurin hukumar asibiti, wa zai raka ta ofishin 'yan sanda idan ta zaɓi kai ƙara, wa yake da ikon fitar da kuɗin lauya ba tare da jiran zaman wata mai zuwa ba? Wa zai kira ta bayan mako biyu ya gaya mata inda maganar ta tsaya? Duk inda masu gyara suka kasa ba da amsa da sunan muƙami guda, to nan ne ramin yake. A maimaita wannan da koken wadda aka tsallake a ƙarin girma, da wanda aka riƙe wa alawus, da wadda aka ba takardar tuhuma kan kuskuren da ƙarancin ma'aikata ya jawo. Amsoshin da za a samu su ne ainihin kayan gina sabon tsari.

A jihar Kaduna, alal misali, akwai wani abu da ba za a tsallake shi ba, wato mambobi ba ma'aikatan gwamnati ɗaya ba ne. Masu aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Barnawa, da cibiyar ido ta ƙasa, da cibiyar kunne ta ƙasa, duk ma'aikatan tarayya ne, kuma albashinsu da ƙarin girmansu daga can suke fitowa. Masu aiki a Asibitin Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri, da Gambo Sawaba a Zariya, da gwamnatin jiha suke magana. Ga kuma na ƙananan asibitocin matakin farko da suke warwatse a ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 na jihar, ga na asibitocin mishan da na 'yan kasuwa. Ko da yake ma'aikatan gwamnati suna ambaton tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, abin da ake biya da lokacin aiwatar da shi ba ɗaya ba ne tsakanin tarayya da jiha. Saboda haka kwamitin jin daɗin ma'aikata da aka cika shi da mutanen manyan asibitocin cikin gari ba zai fahimci damuwar ungozomar da take ita kaɗai a wani ƙauye na Birnin Gwari ko Sanga ba. Dole kowane rukuni ya sami wanda ya san takardunsa da ofisoshinsa.

Wannan ya kawo mu ga rajistar mambobi. Ba a gina wakilci a kan ƙiyasi. A sabunta sunaye, da wurin aiki, da mataki, da fannin ƙwarewa, da shaidar biyan kuɗin ƙungiya, a kuma cire waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu ko suka bar aiki. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ya kuma sa sharaɗin ƙuri'ar mafi rinjayen mambobi masu rajista kafin a tafi yajin aiki, don haka reshen da rajistarsa ba ta da inganci zai iya samun kansa cikin rauni a gaban kotun ma'aikata ta ƙasa. Tun da bayanan mutane ne, kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023, a ajiye rajistar a hannun sakatare, kada a riƙa yawo da ita a zaurukan WhatsApp.

Sai a zo kan zuciyar aikin, wato raba iko. Hawa uku ne kowace ƙungiya irin wannan take da su, kuma rikici yakan taso ne idan ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Babban taron mambobi ko wakilansu shi ne mai zaɓe, mai amincewa da kasafin kuɗi, mai karɓar rahoton masu binciken kuɗi. Majalisar zartarwa ita ce mai gudanar da abin da taro ya amince da shi, mai magana da hukumomi da sunan ƙungiya. Kwamitoci kuwa masu nazari ne da ba da shawara, sai a ɗan abin da aka ba su iko a rubuce. Ina ba da shawarar a yi takarda guda mai sauƙi, a jera manyan hukunce-hukuncen da reshe yake yankewa, kamar fitar da kuɗi sama da wani adadi, da ba gwamnati wa'adi, da magana da 'yan jarida, da dakatar da mamba, da ɗaukar lauya, sannan a gaban kowanne a rubuta wanda yake kawo shawara, da wanda yake yanke hukunci, da wanda dole a sanar da shi. Wannan takarda takan jawo gardama mai zafi, kuma gara a yi gardamar yanzu cikin natsuwa da a yi ta ranar da rikici ya riga ya ɓarke.

Game da yawan kwamitoci na dindindin, kaɗan masu aiki sun fi da yawa masu barci. Reshen jiha zai iya tafiya da huɗu ko biyar. Na farko shi ne na jin daɗin ma'aikata da sharuɗɗan aiki, wanda koke-koke da albashi da tsaron lafiyar ma'aikaci suke hannunsa. Na biyu shi ne na ilimi da ingancin aikin jinya, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci, domin maganar albashi takan cinye kowane zama. Alhali kuwa lasisin aiki duk shekara uku ake sabunta shi, kuma sai da shaidar halartar horon ƙarin sani na dole, wato MCPDP. Kwamitin da zai san waɗanda lasisinsu ya kusa ƙarewa, ya nemi a kawo horon kusa da mutanen Kafanchan da Saminaka maimakon kowa ya yi tattaki zuwa Kaduna, ya kuma kula da ɗalibai da sababbin ma'aikata, ya yi wa mambobi aikin da za su gani da idonsu. Na uku shi ne na kuɗi da kasafi. Masu binciken kuɗi kuwa kada a haɗa su da shi ko kusa: babban taro ne zai zaɓe su, a gabansa za su kai rahoto, kuma ba za su zauna cikin majalisar zartarwa ba. Na ƙarshe shi ne na ladabtarwa, wanda aikinsa ya tsaya kan saɓa dokokin ƙungiya, tare da ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da hanyar ɗaukaka ƙara.

Sauran duk na wucin gadi ne. Bikin ranar ungozomomi ta duniya a 5 ga Mayu, da ranar ma'aikatan jinya ta duniya a 12 ga Mayu, ba sa buƙatar kwamitin da zai zauna shekara guda. A kafa shi a Fabrairu, ya kawo lissafin abin da ya kashe a Yuni, ya watse. Haka kwamitin zaɓe.

Kowane kwamiti ya sami takardar aiki da ba ta wuce shafi ɗaya ba. A cikinta a faɗi dalilin kafa shi, da abin da zai iya yankewa da kansa, da abin da sai ya koma ga majalisa, da yawan mambobinsa, da tsawon wa'adinsu, da sau nawa zai zauna, da ranar kawo rahoto, da kuɗin da aka ware masa. A ƙara da sharaɗin cewa wanda ya rasa zama uku a jere ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta zama babu kowa, kuma kwamitin da ya shafe wata shida bai kawo rahoto ba, majalisa za ta duba ko a sake shi ko a rushe shi. Idan aka kasa rubuta dalilin kafa wani kwamiti a jimla biyu, to alama ce babu buƙatarsa.

Wajen zaɓen mutane, akwai wata matsala da ta keɓanta da aikin jinya. Sana'a ce mai matakai da girmama na gaba, kuma ƙaramar nas ba za ta iya musanta maganar metiron ɗin da take rubuta mata jadawalin aiki da rahoton ƙarshen shekara ba, ko da an kira su duka kwamared a teburin zama. Don haka a kiyaye haɗa shugaba da na ƙasa da shi daga sashe ɗaya a kwamiti guda, kuma a rubuta ƙarara cewa duk wanda koke ya shafe shi, ko shi ya sa hannu a takardar tuhumar da ake magana a kanta, zai fita daga ɗakin har a gama. A tabbata ungozomomi suna da murya tasu, haka masu fannoni irin su tiyata da ido da lafiyar ƙwaƙwalwa, haka maza da mata, haka shiyyoyi uku na jihar. A Kaduna kowa ya san cewa jerin sunaye da ya karkata ga addini ɗaya ko yanki ɗaya zai iya kashe kyakkyawan tsari tun kafin a karanta shi, kuma kula da wannan tun farko adalci ne, ba siyasa ba. Sai dai kada daidaito ya zama dalilin ɗora wanda ba shi da lokaci ko sha'awar aikin. A yi shela, masu so su nuna kansu, sannan a daidaita daga cikinsu. Mutum ɗaya kada ya wuce kwamiti biyu.

Lokacin zama ma wani ɓangare ne na tsarin mulki, ko da yake ba a cika kallonsa haka ba. Taron da aka sa da ƙarfe goma na safe ranar aiki ya riga ya kori masu aikin safe, kuma wadda ta sauka daga aikin dare da ƙarfe takwas za ta zo ne idanunta jajur, ko ta wuce gida. Sakamakon haka shi ne masu aikin ofis su kaɗai suke halarta, su kuma suke yanke hukunci a kan masu tsayuwa bakin gado. Maganin shi ne a fitar da ranakun zama na shekara gaba ɗaya tun a watan Janairu, domin mambobi su nemi a duba su kafin a rubuta jadawalin wata, a kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, a kuma yi la'akari da watan azumi. Babban zama ya riƙa zagayawa tsakanin Kaduna da Zariya da Kafanchan. Waɗanda hanya ta yi musu nisa ko take da haɗari, a ba su damar shiga ta waya, kuma a rubuta cikin ƙa'ida cewa ana ƙirga su cikin adadin da zai sa zama ya inganta. WhatsApp yana da amfani wajen sanarwa da aika ajanda, amma hukuncin da aka yanke a can ba tare da an shigar da shi littafin rahoto ba, gobe za a yi musun sa.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani, tana buƙatar tsauri ne. Masu sa hannu a asusu su zama uku, biyu su sa hannu kafin kuɗi ya fita, kuma dole ma'aji ya kasance cikinsu. Kada kuɗin ƙungiya ya bi ta asusun wani mutum ko da na kwana ɗaya ne. Wanda bai kawo rasit na kuɗin baya ba, ba a ba shi na gaba. Kuɗin mota da alawus na zama a ƙayyade su a rubuce, iri ɗaya ga kowa gwargwadon nisa, domin inda alawus ya zama abin nema, kwamitoci sukan yawaita ba tare da aiki ya ƙaru ba. Duk wata uku a liƙa taƙaitaccen lissafi inda mambobi za su gani, tun da daga albashinsu ake cire kuɗin.

Idan daftarin ya kammala, kada a kai shi babban taro kai tsaye. A raba shi ga rassan asibitoci aƙalla wata guda kafin ranar ƙuri'a, masu gyara su je da kansu su saurara, kuma abin da aka sauya saboda shawarar mambobi a nuna shi a fili. Waɗanda za su rasa kujerunsu a same su ɗaya bayan ɗaya kafin su ji a bakin wasu, a gode musu da sunansu a gaban taro, a kuma nuna musu inda za su ci gaba da hidima. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru suna kashe kuɗin aljihunsu a kan ƙungiya, kuma wulaƙanta su zai haifar da adawar da ba ta da alaƙa da ingancin tsarin. Duk sauyin da ya shafi tsawon wa'adi ko ikon zaɓaɓɓun shugabanni, ya fara aiki daga zaɓe mai zuwa, ba a kan masu ci ba. A aika wa uwar ƙungiya kwafin abin da aka amince da shi, domin ta tabbatar bai ci karo da kundin ƙasa ba.

Ranar miƙa ragama, a yi ta da takarda. Tsohon shugaban kwamiti ya miƙa fayil, da jerin koke-koken da ba a kammala ba tare da inda kowanne ya tsaya, da bashin da ake bi da wanda ake binsa, da lambobin sirri na imel da shafukan ƙungiya. A rubuta wa banki wasiƙar sauya masu sa hannu cikin makon, a haɗa da rahoton zaman da aka yi zaɓen. Sababbin mambobin kwamitoci su sami horon yini ɗaya a kan kundin tsarin mulki, da yadda ake rubuta rahoton zama, da yadda ake karanta bayanin asusu. Bayan shekara guda majalisa ta sa ranar dubawa a cikin ajandarta, ta ɗauko koke-koken da suka shigo a wannan shekara, ta ƙirga kwanakin da kowanne ya ɗauka kafin mai shi ya sami amsa, ta kuma kai sakamakon gaban babban taro tare da sunayen kwamitocin da take ganin a bari, da waɗanda za a haɗe, da waɗanda za a rushe.